Dirka ta Ashirin da Ɗaya

Igiyar na fara gani kafin in ga fuskarsa. Shuɗiya ce, irin ta guga, a naɗe a kafaɗarsa, an ƙuƙƙulla mata jajayen tsummoki a jere. Ranar kasuwa ce, motar Filinge ta sauke shi a bakin hanya da jaka ɗaya da katifa a ɗaure. Muna dawowa daga rijiya ni da taubashiyata, ɗiyar kawuna, kowa da bokiti a ka. Na tsaya ina kallo har ruwa ya zubo mini a wuya.

"Ɗiyar mace, mi kike kallo?" in ji ta. Haka take kirana, don uwata ƙanwar babanta ce, ita kuwa ɗiyar namiji, wai uwar ɗakina. "Mai gyaran rijiya ne. Wuce mu tahi."

Ba mai gyaran rijiya ba ne. Sabon malamin makaranta ne, mushen lakwal kamar yadda muke cewa, wanda aka turo wa aji shida, ajinmu.

Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma kaina cike yake da littattafan soyayya. Yayata ke samo su wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Ƙonni. Da baƙaƙen da aka koya mana don Faransanci na riƙa haɗa Hausar da kaina, har na iya. Labarinsu kusan ɗaya ne: a sha wahala, a yi kuka, sai a shafin ƙarshe wani ya iso ya tsaya a bakin ƙofa, shi ke nan. Wasu littattafan sun sha hannu har shafin ƙarshen ya ɓace. Irin waɗannan ba na iya ajiye su sai na ƙirƙiro isowar da kaina.

Mushe bai yi kama da mutanen cikin littafi ba. Siriri ne, mai dogon wuya, da takalmin roba. Amma daga nesa ya zo, wannan kuwa ya ishe ni. Ban taɓa yi masa magana ba in ba tambayata ya yi ba. Kallo ne kawai, irin wanda ake yi wa hoton bangon littafi.

Kafin zuwansa darakta, shugaban lakwal, ke koya mana lissafi, wani dattijo mai tsumagiya. Sai mu miƙe mu rera bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, wanda ya tsaya ya ji a kunne. Mushe ya zo da wani abu dabam. Ya sa muka tara ƙwallon aduwa muna rabawa a ramuka. Ya sayi kabewa ya yanka ta a gabanmu, rabi, rubu'i, rabin rubu'i, sannan ya ba matar mai gadi ta dafa muka cinye darasin. Yaran da iyayensu ke korowa lakwal da sanda suka fara zuwa tun kafin a buga ƙarfe. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye shi ba.

Wasan da ya fi kowane shi ne wasan dirkoki. A jarrabawar sartifika, ta gama aji shida, akwai wata tambaya da ba ta cika fashi ba: manomi zai ja shinge mai tsawo kaza, zai kafa dirka bayan kowace tazara kaza, dirka nawa zai nema? Don wannan tambayar Mushe ya zo da igiyarsa. Tsakanin tsumma da tsumma mita ɗaya ne. Yakan shimfiɗa ta a filin lakwal, daga gindin bedi, wato dogon yaro, zuwa wajen katanga, ya ce, "Mita ashirin da huɗu, tazara mita biyu!" Kowa ya duƙa kan ɗan allonsa da alli. Wanda ya riga ɗaga allo da amsa, shi ne sarkin dirkoki na ranar.

Sarauniya dai, don kusan kullum taubashiyata ce. Kafin in gama rubuta ashirin da huɗu, allonta na sama: goma sha biyu. Mushe ya ce madalla. Sai ta zaɓi yara goma sha biyu ta kafa su a kan igiya, ɗaya a farko, ɗaya bayan tsumma biyu, haka haka. Kowa ya sandare, hannuwa sama kamar bakin dirka. Wanda ya motsa an ce gara ta ci shi, a fitar da shi a sa wani. In ta gama, yara goma sha biyu na tsaye, tazara goma sha biyu ta cika, amma can ƙarshen igiya ba kowa.

Nan ne abin da muke jira. Mushe yakan koma bayan aji ya ɓuya, sannan ya fito. Yau ya fito da tafiyar raƙumi, gobe ta tsohuwa mai ciwon baya, jibi ta ɗan kasuwar da ya ci riba a Baleyara, yana tura tumbin da ba shi da shi. Ya bi layin yana duban kowace dirka, ya ƙwanƙwasa kan wannan, ya shinshina wancan, har ya kai ƙarshen igiya. Sai ya juyo, ya ɗaga hannuwa, ya sandare. Mu kuwa mu kwashe da ihu: "Sai Mushe!"

A daidai wannan lokacin yana faɗin wata magana da Faransanci, cewa a ƙara ɗaya. Kullum yana faɗi. Na ga bakinsa yana motsi. Amma mutum talatin na dariya, wasu na birgima a ƙasa. Goma sha uku bai taɓa hawa allon kowa ba. Allon da aka ce wa madalla, goma sha biyu ke kansa.

Wata rana darakta ya tsaya a bakin ofishinsa yana kallo, hannu a baya. Da aka tashi ya ce, "Mushe, raƙumin ga naka, shina shiga ɗakin jarrabawa?"

Mushe ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, sun yi shi da ƙahwahunsu. Ba su mance shi."

"To su rubuta shi da hannu kuma."

"Suna rubutawa, in Allah ya so."

Mun rubuta, sau ɗaya. Ranar ana zafi ƙwarai, rabin aji na gyangyaɗi.

Ni ba na cikin masu ɗaga allo. Lissafi bai taɓa zama a kaina ba. Taubashiyata takan kafa ni kusa da ƙarshe don ta san ba na motsi, kuma daga nan nake jiran fitowarsa daga bayan aji. A wurina wasan ba na shinge ba ne. Labari ne da ba ya ƙarewa sai wani ya iso ya tsaya.

Ita kuwa tana da abin da take nema. Idon innarta ya fara mutuwa, ga ƙanne, ga awaki, ga ɗan lambu a fadama. Kawu ya so cire ta tun aji biyar, darakta ya roƙe shi. Suka yi magana a gaban mutane: sau ɗaya za ta zauna jarrabawa. In ta ci, kawu zai kai ta kwaleji a Filinge, ya nema mata masauki. In ta faɗi, ba maimaita aji. Faransancinta ba shi da ƙarfi, a shifta kurakuranta sun fi nawa yawa nesa. Da lissafi take rufe ramin. Ta san haka, Mushe ya sani, har ni na sani.

"In na tahi Filinge," takan ce mini, "ke ka ɗaukar mini akwati. Aikin ɗiyan mace ke nan."

"In kin tahi, wa ka kahwa ni bisa igiya?"

"Ke ai ko ba a kahwa ki ba a sandare kike."

An yi ruwan farko kwana uku kafin jarrabawa, duk gari ya fita shuka. A amalanken shanu biyu aka kai mu Filinge, muna wuce mutane a gonaki, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. Aka sauke mu a gidan wata ƴar'uwar darakta. Ba a bar malamanmu su shiga inda ake jarrabawa ba, baƙi ne ke tsaronmu. Ɗakin shiru, ban taɓa jin ajin da ya yi shiru haka ba. Har ƙarar takarda ana ji.

Da aka raba tambayoyin lissafi na ji wani ɗan motsi ya bi layinmu, kamar an saki numfashi tare. Ga ta nan. Manomi zai ja waya a gefen gonarsa da ke bakin hanya, mita sittin, dirka bayan kowace mita uku, da dirka a kowane ƙarshe. Dirka nawa? Kowace dirka na cin ƙusa huɗu, ƙusa nawa? Yana da dirka takwas a gida, nawa zai saro? Tambaya uku, duk a rataye a wuyan ta farko. Taubashiyata na benci biyu gaba da ni. Na ga kafaɗunta sun sauka, na ga hannunta na gudu. Kafin in gama karantawa ta wuce zuwa wata.

Ni rabawar ma ba ta zo mini ba. Sai na ja layi a takardar gwaji, na riƙa ƙirga uku uku ina sa ɗan layi a tsaye a farkon kowace tazara, kamar yadda take kafa mu. Na samu ashirin. Na zauna ina kallonsu. Lokaci na tafiya, sauran tambayoyin ban san ta inda zan kama su ba, sai hankalina ya tafi inda ya saba tafiya. Ƙarshen layin ba kowa, kuma ba na son labarin da ba kowa a ƙarshensa. Na zana ɗan mutum a wurin, da dogon wuya, hannuwa sama. Har takalmi na yi masa. Da mai tsaro ya ce saura kaɗan, na firgita na sake ƙirga abin da ke kan layin da bakin alƙalami, har da shi. Ashirin da ɗaya. Na rubuta haka don ba ni da lokacin sake ƙirgawa.

Mushe na jiranmu a waje, gindin wani gawo, da jarkar ruwa da dabino a leda. Yara suka ruga wurinsa.

"Ta hito, Mushe! Ta dirkoki ta hito!"

"Alhamdu lillahi! Nawa kunka samu?"

"Ashirin!"

Kusan baki ɗaya suka faɗa, muryar taubashiyata a sama. Sai wani daga baya, don murna, ya ɗaga hannuwa ya sandare ya ce, "Sai Mushe!" Aka fashe da dariya.

Mushe bai yi dariya ba. Yana riƙe da ledar dabino, bakinsa a ɗan buɗe. Ya ce, "Mita nawa anka ce?" Aka gaya masa. "Tazara?" Aka gaya masa. Ya dubi wanda ya sandare ɗin, ya daɗe yana dubansa. Dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya.

Ita ta fara ganewa. Na ga leɓɓanta na motsi, sannan ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Ba mu sa shi ba." Ta zauna a kan saiwar gawon. Ba ta yi kuka ba. Ta cire takalminta ɗaya ta zazzage yashi, ta mayar.

Ban ce ashirin da ɗaya na rubuta ba. Da farko na yi shiru don na ɗauka kuskure na yi. Daga baya na yi shiru don na san ba kuskure ba ne. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri zuciya takan buga, hawaye su zubo, a rungume juna. Na jira in ji wani abu. Abin da na ji kawai ƙishirwa, na je na sha ruwa a jarka. A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa. Dabinon ya dawo gida a ledarsa.

Bayan makonni darakta ya zo da takardar sakamako a babur, ya karanta sunaye a gindin bedi. Wasu sun ci duk da dirkar, don sauran darussa sun ɗauke su. Sunana na ciki. Nata babu. Darakta ya ce da kaɗan ta rasa, bai faɗi ko nawa ne kaɗan ɗin ba. Har yau ban sani ba ko dirkar ce ta kayar da ita ko shifta. Ita ba ta taɓa shakka ba.

Da la'asar Mushe ya je gidan kawu. Ina tsakar gida ina taya innarta tsince wake, zana ce kawai tsakaninmu da su. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, laihina ne, ba nata ba. A bar ta ta sake shekara guda. Ni ka tsaya mata."

"Mushe, sau guda munka ce. Gaban mutane."

"Yarinyar ga ta hi kowa kai a ajin."

"Na sani. Ɗiyata ce." Na ji kawu yana kakkaɓe tabarma da hannu. "Kullum in na wuce zuwa gona ina ganinku a hili, ana ihu, kai kana tahiyar raƙumi. Na ce ma mutane ku bar shi, karatun zamani ne, shi ya san abin da yake yi. Ban ce kai ne da laihi ba. Amma uwarta ba ta ganin bakin rijiya, kuma damana ba ta jiran shekara guda."

Taubashiyata na zaune kusa da ni, tana jin komai. Ta ture mini tire ta ce, "Ɗiyar mace, tsince da kyau, kina barin tsakuwa."

Ni na tafi Filinge. Akwatin da kawu ya riga ya sa aka ƙera mata, shi aka ba ni, don ba a barin kaya su lalace. Ita ta ɗauko shi a ka har bakin mota.

A shekarata ta farko a kwaleji aka ba mu tambayar gona da za a kewaye ta ko'ina da shinge. Na raba, na ƙara ɗaya, ina jin daɗi. Aka ba ni sifiri. Malamin ya ce in shinge ya zagayo ya haɗe, dirkar farko ita ce ta ƙarshe, ba a ƙara komai. Ranar na san ban taɓa gane abin ba. Mutum nake ƙarawa, ba dirka ba. Lissafin ne ya fitar da ni daga kwaleji bayan shekara uku. Mushe kuwa ya ƙara shekara ɗaya a garinmu. Ƙannenmu sun ce bai sake shimfiɗa igiyar ba, kuma yara suka koma makara. Daga nan aka mayar da shi wajen Sanam, ban sake jin labarinsa ba. Igiyar ta ƙare a rijiyar lakwal.

Yanzu ina aure a Filinge, ina da yara a lakwal. Malamarsu na koya musu lissafi da waƙa da tafi, suna dawowa gida suna rerawa. An taɓa tambayarmu a taron iyaye ko muna ganin hakan na da amfani. Mata suka yi ta magana, wasu na so, wasu na cewa a dawo da tsumagiya. Ni ban ɗaga hannu ba. Bakwai sau takwas na darakta na nan a kaina, amma in na tuna shi kunnena na tuna nasa, kuma ban san yara nawa ya kora daga lakwal ba. Wasan Mushe ya cika aji, ya ba ni amsar da ban gane ba, ya hana wadda ta gane. Ban san yadda ake haɗa wannan ya zama amsa ɗaya ba.

Taubashiyata ta riƙe gidan har innarta ta rasu, ta aurar da ƙannenta, ita ma ta yi aure a garin. Lambun fadama ya zama nata. Tana noma zogale da kabeji, ranar kasuwa ta kai Baleyara. Matan gari sun haɗa ƙungiya an ba su fili, kuma duk lokacin da za a raba fili ko a ja shinge, ita ake kira. Ba ta riƙe takarda. Takan taka wurin da ƙafa, ta faɗi abin da za a saro, kuma ba ya ragi ba ya saura.

Rani biyu da suka wuce na je gaisuwar rasuwa, na same ta a fadama suna ja wa sabon fili shingen zana. Ta yi ƙiba, haƙorinta ɗaya ya fita. Ta shimfiɗa igiyar guga a ƙasa, mijinta na haƙa ramuka, mata na kakkafa dirkoki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƴan birni. Kin zo da takalmin da ba shi taka laka." Muka gaisa, ta tambayi yara, na tambayi nata. Babbar ɗiyarta na kwaleji, a gidan wata ƙawata take zaune, ni na nema mata masaukin. Ba mu taɓa maganar dalili ba.

Aka kafa dirkoki har aka zo ƙarshe, sai aka ga ɗaya ta tsage. Mijin ya ce a bar wurin haka, a ɗaure zanar a ta kusa.

"A'a," in ji ta. "Tahi ka saro wata."

Ya saɓa gatari ya tafi. Iska na ɗaga bakin zanar, ba abin da zai riƙe ta. Ta waiwaya, ta gan ni tsaye ba aikin komai.

"Ɗiyar mace, je ki tsaya can ƙarshe kahin shi dawo."

Na je na tsaya a ƙarshen igiya, na riƙe zanar da hannu biyu a sama. Ba wanda ya yi dariya. Ita ta duƙa ta ci gaba da ɗaurinta, tana matsowa dirka bayan dirka.